Wutar da Aka Jona Min a Ka da Famfon Layinmu

Jama'a, ku taya ni murna, an jona min wuta a ka. Ran nan na shigo gida gashina sharkaf da ruwan gishiri, goshina da shatin roba, ina ta washe baki. Maman yara ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya ko a kwata na faɗa. Na ce ta iya bakinta, yanzu da mai kaifin ƙwaƙwalwa take magana.

Ga yadda aka yi. Famfon layinmu ya ƙafe tun autata tana rarrafe, yanzu kuwa ita ke jido jarka daga unguwar gaba. Maƙwabta suka wakilta ni in je gaban Mai Girma Uban Alkawari in faɗi abu uku kacal: bututu ya fashe, injin turo ruwa ya mutu, yara suna makara a makaranta saboda ɗiban ruwa. Ina shiga ofis sanyi ya buge ni, na ga kujeru masu juyawa, sai kaina ya yi fayau. Na yaba labule, na gode masa da ƙoƙari, na fito. Tela maƙwabcina har ya daina amsa gaisuwata.

Sai 'yar ƙanwata da ke karatu a jami'a ta ce suna neman masu sa kai a wani bincike. Wai akwai ajiya ta ɗan lokaci a ka, wadda ke riƙe maka lambar waya kafin ka danna ta, kuma sai sassan ƙwaƙwalwa na gaba da na baya sun yi ta aika wa juna saƙo take aiki. Suna gwada ko 'yar wuta kaɗan, ba yanka ba allura, za ta ƙara musu jituwa. Na ce na gane sarai, nawa sassan irin ofisoshin manya ne, kowa ya ce maganar tana wurin ɗan'uwansa.

"Kawu, bincike ne fa, ba magani ba," in ji ta.

Ina, ni har na cire hula. Suka ɗaura min soso biyu jiƙaƙƙu da ruwan gishiri a ka da roba, aka kunna, na ji tsam-tsam kamar tururuwa na yawo a fatar kaina. Haruffa suna wucewa a allon kwamfuta, in wanda ya fito ya yi daidai da na biyun baya sai ka danna. Na yi ta dannawa ba ji ba gani. Daɗi ya kama ni, wallahi, har sunan malamin da ya zane ni a aji ɗaya na tuna.

Da zafina na koma wurin Mai Girma. Ko labulen ban kalla ba. Na zayyano bututu, inji da yara tiryan-tiryan, har da ƙarin bayani. Allah ya ja zamaninsa, bawan Allah bai ɓata lokaci ba. Ya zo layinmu da motoci da masu ɗaukar hoto, ya murɗa famfo, ruwa ya tsinke shaa. Mata suka fito da bokitai, tela ya rungume ni har da ƙwalla. Motar ƙarshe tana shan kwana, famfo ya yi tari ya yi shiru. Ashe tankar ruwa aka ɓoye a bayan katanga, ita ma ta bi ayari.

Ina tsaye da bokiti rabi na kira 'yar ƙanwata, na ce ta tanadi babban soso a kai wa manya. Ta yi ta dariya, sannan ta ce tunda an rufe binciken za ta gaya min gaskiya: masu sa kai kashi biyu ne, ni kuma ina kashin da ake yi wa na bogi don a kwatanta da na gaske.

"Wuta ake kunna muku a farko ku ji tsam-tsam, Kawu, sai a kashe ba ku sani ba."

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Amma ban ga laifinsu ba, su ko ba komai sun faɗa daga baya. Na dai gane layinmu kaf a kashin nan nawa aka sa shi. Don Allah duk wanda ya san unguwar da ake kunna wa na gaske ya yi min kwatance, autata za ta zo da jarka.