Ɗan Ƙarfen da Na Ciro Daga Tankin Jirgin Yaya Malam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da jirgin sama ya kore ni a guje a filin ƙwallon wata makaranta a Maiyama ba. Ko ni na manta, mutanen Aliero ba za su bari ba, don har yau idan jirgi ya gifta ta saman gari sai an sami wanda zai leƙo shagona ya ce in sunkuya.

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce, kuma ba yabon kai ba, na iya ta. Duk manomin albasa daga nan har Mungadi da Giwa Tazo ya san ƙofar shagona. Injiniya suke kirana (ni na fara kiran kaina haka a jikin allon shago, amma dai sun karɓa). Mutum ɗaya ne ya ƙi karɓa: yayan matata Saratu, Malam Haruna, malamin kimiyya da ke zaune a Jega yana koyarwa a Maiyama. Yaya Malam muke ce masa. Tun da na auri ƙanwarsa bai taɓa kirana da komai ba sai Makanike. "Makanike, an wuni lahiya?" Ba da raini yake faɗa ba, shi dai mutum ne mai kiran abu da sunansa, wannan kuwa shi ya fi ci mini rai. Ba na ɓoye muku, na yi shekaru ina jiran in ji kalmar Injiniya ta fito daga bakinsa ko sau ɗaya.

To, Yaya Malam yana da wani ɗan jirgin sama da ya shekara biyu yana haɗawa da hannunsa, da farin soso irin na cikin kwalin talabijin da wani katako marar nauyi. Faɗin fukafukansa kamar mutum ya buɗe hannuwa. Injin ne kawai ba shi ya ƙera ba, wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa na hannu daga Legas, ɗan mitsitsi, bai kai kan albasa mai kyau ba. Ko fetur ba ya sha, yana da nasa man na musamman mai ƙamshi a cikin ɗan galan. Burin Yaya Malam shi ne ya tashi jirgin nan a gaban iyaye ranar rabon kyaututtuka ta ƙarshen shekara.

Saura kwana huɗu sai ga shi a shagona da jirgin a hannu. Damina ce, lokacin da babu mai kawo injin ban-ruwa, hannuna ba aiki sai bakina.

"Makanike, injin ga tari shikai," in ji shi. "Tiyon mai ya tsufa ya tsattsage, iska shika sha. Ga sabo na kawo. Ka canza wanda ka zuwa kafireta da wanda ka hitowa daga salansar hayaƙi, ka wanke kafiretar, mai ya daskare ciki. Ni takardun jarrabawa sun yi mani yawa." Har ya hau babur ya waiwayo. "Tanki kam kada ka taɓa shi, lahiya lau shike."

Na ce, "Yaya Malam, ni da ka buɗe injin da ƙato biyu ba su ɗagawa, wanga ɗan tsako zai gagare ni?"

A yi mini adalci, aikin da ya ba ni na yi shi tsaf. Na yanka sabon tiyon daidai, wata roba mai laushi kamar dafaffiyar taliya, na saka kowane a mazauninsa. Na tsokace kafireta da allura har daskararren man ya fito. Da nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma garin mayar da tankin, wanda bai fi kwalbar turare ba, sai na ji wani abu a ciki ya ce ƙwal. Na girgiza. Ƙwal-ƙwal.

Ku fahimce ni. A sana'armu doka ɗaya ce: duk abin da ya yi ƙara a inda ba a sa shi ƙara ba, ya kwance. Kunnen nan shi ya ciyar da ni shekara da shekaru. Ina jin manomi ya sauke inji daga amalanke na san kusar da ta gudu. Saboda haka na buɗe tankin da aka ce kada in taɓa. A ciki na tarar da wani guntun tiyo mai laushi, an rataya masa ɗan ƙarfe mai huda a baki, girman ƙwayar gyaɗa, yana ta lilo yana dukan bango. Na yi murmushi irin na wanda ya kama ɓarawo. Na ce Allah sarki masu kamfani, su ma ashe suna gajiya. Na tuge shi, na yanko ɗan bututun tagulla daga wani mataccen firji, na lanƙwasa shi ƙasa daga gaban tankin, na ɗaure tam. Na girgiza, shiru. Na tayar da injin a kan tebur, ya ɗauka da wata siririyar murya mai daɗi, ko tari ɗaya bai yi ba.

Da na koma gida na nuna wa Saratu ɗan ƙarfen a tafin hannuna. Ta dube shi, ta dube ni.

"Yaya Malam ne ya ce ka buɗe?"

"Bai ce ba, don bai san da matsalar ba."

"To," in ji ta. (Duk mai mata ya san irin wannan "to" ɗin. Ni ma na sani, na dai zaɓi in ɗauke shi a matsayin yabo.)

Ranar Asabar na saka babbar rigata ta Sallah, fara sol, ta sha sitaci, na kafa hula. Na ɗaura jirgin a bayan babur, na bi ta tsakiyar kasuwa duk da ba hanyata ba ce. Wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba duk na shaida masa jirgi zan tayar a Maiyama.

Filin makarantar ya cika: iyaye a ƙarƙashin rumfa, ɗalibai a layi, wakilin hakimi a kujerar gaba, Saratu can cikin mata. Gabas kuma hadari ya fara haɗowa. Ni na cika tankin da hannuna, muka tayar da injin. Yaya Malam ya saurara, ya gyaɗa kai, har na ga kamar leɓensa zai yi motsin da nake jira. Sai ya ce bari ya ɗaga hancin jirgin sama injin na aiki, ya ji ko zai canza murya, wai haka ake gwadawa. Na ce ba sai ya wahala ba, sau bakwai na gwada (a kan tebur, a kwance, amma wannan ban faɗa ba). Shugaban makaranta yana ta nuna masa hadari yana nuna agogo. Ya haƙura, ya ɗauki jirgin da rimot ɗinsa ya nufi can ƙarshen fili.

Nan ne mai gabatarwa ya ce kafin jirgi ya tashi, bari jama'a su ga wanda ya gyara injin. Ya miƙo mini makirfo. Abin da ya kamata in yi shi ne in yi sallama, in yi godiya, in zauna. Amma ban taɓa riƙe makirfo a gaban mutane masu yawa haka ba, sai na ji hannuna ya shiga aljihu da kansa.

"Jama'a, kun ga wanga ɗan ƙarhe?" Na ɗaga shi sama. "Cikin tankin jirgin ga na ciro shi. Waɗanda sunka ƙera injin ba su gane shi ba. Mai jirgin da kainai, da iliminai, bai ji shi ba. Kunnen ga ya ji shi. Da an tashi da shi ciki, Allah kaɗai ya san abin da za ya faru!"

Aka ɗauki tafi. Wakilin hakimi har da jinjina. Yaya Malam yana can nesa, injin na kuka a kunnensa, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya dai hango na ɗaga hannu, shi ma bawan Allah ya ɗago mini nasa.

Jirgi ya yi gudu a kan ciyawa, ya ɗaga, ya tashi. Wallahi ya tashi! Maza suka yi kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa na tako zuwa tsakiyar fili, hannu a baya, don masu ɗaukar hoto da waya su same ni da jirgin a saman kaina. Yaya Malam ya ɗaga hancinsa ya nufi sama sosai. Sai injin ya yi tari. Ya sake yin tari. Ya yi shiru.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har kukan wata akuya a bayan katanga na ji.

Yaya Malam gwani ne, bai rikice ba. Ya juyo da jirgin a hankali don ya sauke shi ba inji, kuma wurin sauka ɗaya ne: tsakiyar fili, inda wani mutum mai farar riga yake tsaye yana jiran hoto.

"Makanike, kauce!"

Da na yi taku uku zuwa gefe, da an gama. Amma ƙafa ba ta shawara da kai a irin wannan lokaci. Na juya na zura a miƙe, daidai hanyar da jirgin yake bi. Ina gudu, yana bina, ba ƙara ba komai, sai ihun ɗalibai ke sanar da ni ya kusa. Riga ta cika da iska, na tattare ta, ta sake zubowa. Ina isa bakin raga, wurin nan da masu tsaron gida suka rarake da ƙafa ruwan sama ya taru, na take bakin rigar na tafi ruf da ciki. Jirgin ya sauka a gadon bayana, ya tuge mini hula, ya zame ya daki ƙarfen raga. Na ji fiffike ɗaya ya ce ƙas.

Yaya Malam ya iso yana haki. Ya tambaye ni ko na ji ciwo, na ce a'a, bai ƙara bi ta kaina ba. Ya durƙusa ya shafa karyayyen fiffiken, ni kuwa na san shekara biyu ce kwance a cikin taɓon nan. Ya duba tiyon waje, lafiya lau. Ya zaro tankin ya kai kunne ya girgiza. Shiru. Ya sake girgizawa. Mai gabatarwa kuwa ya biyo mu har nan da makirfonsa marar waya, a kunne.

"Malam, in abin ga mai ƙara kaka nema, ai an ciro shi. An gwada muna shi, mun tafa," in ji mai gabatarwar.

Yaya Malam ya juyo a hankali. Ina zaune a cikin ruwa, taɓo na ɗiga daga gemuna. Ya dube ni sama da ƙasa, sannan muryarsa ta fito ta lasifika, kowa na ji har masu sayar da gyaɗa a bakin ƙofa.

"Injiniya," in ji shi, "ba ni ƙarhena."

Kalmar da na shekara da shekaru ina jira ke nan.

Da a nan aka tsaya ma da sauƙi. Amma malami malami ne. Ya karɓi gorar ruwa rabi daga hannun wani, ya ce in miƙe in ɗaga ƙarfen kowa ya gani. Ya karkata gorar, ruwan ya gudu baya. Ya ce haka mai yake yi idan jirgi ya ɗaga hanci, shi ya sa ake rataya wa tiyon ciki nauyi, duk inda mai ya gudu ya bi shi ya sha. Ƙarar da ake ji alama ce yana aikinsa. "To da anka cire shi anka sa bututun da ba ya motsi, mi injin ya sha?" Makaranta gaba ɗaya ta amsa da murya ɗaya: "Iska!" Ya ce bai ji ba. Suka maimaita. Ni ina tsaye hannu a sama kamar allon darasi. Shugaban makaranta ya ce bai taɓa ganin darasin da ya shiga kan yara irin wannan ba, aka sake tafa mini. Sannan ruwan sama ya sauko, a makare, don da ya zo minti goma kafin nan da ya rufa mini asiri.

A hanyar gida Saratu tana bayana a kan babur har muka wuce Jega. Sannan ta ce, "To."

Fiffiken ya gyaru. Asabar uku ina zuwa Jega ina riƙe masa soso yana shafa gam, bai taɓa yi mini faɗa ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Jirgin ya sake tashi, da ƙarfensa a ciki yana ƙwal-ƙwal, ni kuma ina kallo daga bayan bishiya. Sai dai tun ranar bai sake ce mini Makanike ba. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, a waya, ko'ina: "Injiniya, an wuni lahiya?" Kuma duk wanda ke kusa sai ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa.

Rannan na kasa daurewa, na same shi shi kaɗai na ce don Allah ya koma kirana da sunan da. Ya gyara tabarau ya ce, "A'a, ai ka ci sunan ga gaban shaidu."

Yanzu dai idan na ji abu yana ƙara, sai na tambayi mai shi kafin in ɗauko sifana. Kuma idan ina roƙon Allah wani abu, nakan ƙara da bayanin inda nake so a ba ni shi, da yadda rigata za ta kasance a lokacin.