Hannun Mai Girma a Bangonmu

Yau da safe ina buɗe ido sai na ga akuya a tsaye a kaina tana tauna jaridar makon jiya. Ta cinye shafin wasanni, ta cinye na tallace-tallace, da ta iso kan wannan shafin nawa sai ta shinshina ta kau da kai. Ban ji haushinta ba, edita ma haka yake yi. Abin da ya dame ni shi ne hanyar da ta biyo. Ƙofata a kulle take da sakata. Akuyar ta shigo ne ta wurin da bangon ɗakina yake a da. Kafin in faɗa muku yadda muka rabu da bangon, ina so hukuma ta sani cewa ba ƙorafi nake yi ba. Godiya nake yi.

Tun da aka gano arziki a ƙarƙashin ƙafafunmu, kamfani ya zo da manyan motocinsa ya fara haƙar ma'adinai a bayan gari, ci gaba yake ta sauko mana ba ƙaƙƙautawa. Ruwan rijiyarmu yanzu da launinsa yake fitowa, har Mai Shayi ya rage zuba ganye. Samari sun bar gona sun koma bakin rami suna wanke tsakuwa, shi ya sa albasa ta zama abin da ake nuna wa baƙo a mayar. Malamin lissafin yaranmu ya ajiye alli ya ɗauki shebur. Titin da tifofi suke bi kuwa, mai tsohon ciki in ta hau babur a kansa ba ta buƙatar ungozoma. Sai kuma nakiya. Da rana tsaka sau ɗaya, da yamma sau ɗaya, jiniya ta yi kuka, ƙasa ta girgiza, kofuna su yi tattaki a kan tebur.

Wanda nakiyar ta fi sani shi ne maƙwabcina Tela, wanda bango ɗaya ya raba ɗakina da na mahaifiyarsa. Duk sanda aka fasa dutse, allurar kekensa sai ta kauce. In kun ga mutum a garinmu yana tafiya kamar zai sha kwana, ba ƙafarsa ba ce, wandon rana tsaka ne.

Tsagar da ta fito a bangon namu da farko ba ta wuce zare ba. Sannu a hankali na fara hango hasken fitilarsu. Daga baya muka koma gaisawa ba tare da kowa ya fito daga ɗaki ba, mai ɗakina da matar Tela suna miƙa wa juna gishiri da ashana ta ciki. Wa'azi ya daɗe yana kiran mutane su riƙe zumunci bai yi nasara ba, kamfani ya yi shi da nakiya.

Amma Tela ba ya cikin masu dariya, domin gadon Inna, mahaifiyarsa, a jikin wannan bangon yake, kuma ɗakin ba shi da wani lungun da gado zai shiga. Duk fashewa sai ƙasa ta zubo mata a kan bargo. Ga damina ta matso, kuma kowa ya san abin da tsagaggen bango yake yi in ya sha ruwa. Kamfani ya gina wasu sababbin gidaje can nesa da rami don waɗanda nasu suka lalace. Burin Tela a duniya guda ɗaya ne: ya fitar da tsohuwarsa daga ƙarƙashin bangon nan kafin ruwa ya sauka.

Hukuma, da yake ba ta barci a kan lamarin talaka, sai ta kafa kwamiti. Aka saya masa motoci, aka ɗinka wa mambobinsa huluna iri ɗaya, aka naɗa masa shugaba: Mai Girma, Uban Bangaye, Mai Kwantar da Hankalin Jama'a. A zamansu na farko suka yanke cewa ba za a yi amfani da tef wajen awo ba, domin tef yana iya faɗawa hannun 'yan adawa. Ma'auni shi ne hannun daman Mai Girma. Duk tsagar da ya shige ta har wuyan hannu, mai gidan ya cancanci sabon gida.

A zuwansu na farko Mai Girma siriri ne, rigarsa ma kamar ta aro. Ya zura hannu, yatsu suka shige, tafin ya tsaya.

"Saura ƙiris," in ji shi. "A ƙara haƙuri."

Daga nan kwamiti ya wuce masaukin baƙi na kamfani cin abincin rana. Haka tsarin yake: duk duba tsaga, da liyafa a bayansa, kuma tsaga a garinmu ba ta ƙarewa. Da suka dawo karo na biyu, tsagarmu ta yi girma, amma hannun ya fi ta ƙoƙari. Ya yi ɓul-ɓul kamar burodin da aka manta a ruwa, ga zobba sun hau kansa. Kan yatsu ne kawai ya shiga.

Tela ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ko za a gwada na hagun?"

"Na hagu ba ya cikin ƙa'ida."

"To ko a ɗan cire zobban?"

"Zobban na ofis ne."

Tun daga ranar aka shiga tsere tsakanin tsaga da hannu. Tela ya zama mutum na farko da na sani yana yi wa bangonsa fatan tsagewa. In nakiya ta tashi, maimakon salati sai ka ji shi yana cewa a ƙara. Da safe zai leƙo ya ce, "Malam, ina kwana. Yau kamar kunnenka duka nake gani."

"Jiya ma ka gan shi."

"Jiya rabi ne. Juya mini ɗayan."

In labari ya zo cewa an ga Mai Girma a wata walima, Tela ba ya iya cin abinci ranar. Sau ɗaya aka ce zazzaɓi ya kwantar da Mai Girma ya rame, Tela ya je dubiya da gudu, ya dawo ransa a ɓace. Ramar a fuska ta tsaya.

Sai ran nan aka fasa wani dutsen da ya sa har agogon bangona ya faɗo. Da ƙura ta lafa, muka ga kyanwar gidan Tela ta ratso ta tsagar, ta shigo ɗakina, ta dube ni, ta koma. A daidai wannan lokacin kuma aka aiko cewa kwamiti zai zo washegari. Tela ya sa babbar rigarsa tun da sassafe, ya tafi bakin titi ya jira su, don kada wani mai ƙaramar tsaga ya janye su.

Abin da bai lissafa ba shi ne Inna. Tsohuwar nan tunda take ba ta taɓa barin baƙo ya ga ɗakinta a hargitse ba. Zuwan kwamiti biyu da suka wuce sun tsaya mata a rai, manyan mutane sun shigo suna nuna bangonta da yatsa a gaban jama'a. Tela na fita, ta kira surukarta da mai ɗakina. Aka kwaso ƙyallayen da suka rage a shagon ɗinki aka cusa a tsagar, aka kwaɓa laka aka shafe, aka bi da farar ƙasa. Ina zaune a ɓangarena na ga haske yana raguwa, sai na kafa baki a ɗan abin da ya saura.

"Inna, me ake yi ne?"

"Baƙi za mu yi, ɗan nan."

"Ai tsagar suka zo gani."

"To su gan ta a gyare."

Na yi karatu har jami'a, amma ba a koya mana yadda ake gardama da tsohuwa mai laka a hannu ba. Ta liƙe ramin a kan bakina.

Wajen hantsi Tela ya shigo gaban tawaga yana washe baki, yana cewa a yi a hankali da dokin ƙofa. Ya ɗaga labulen ɗakin, ya tsaya. Bango fari tas, sumul, har da ƙamshin turare. Mai ɗakina ta ce sai da ya fita ya dubi ƙofar gidan, ko ya yi ɓatan kai, sannan ya dawo.

"Inna," ya ce da wata ƙaramar murya, "ina tsagata?"

"Ka shimfiɗa wa mutane tabarma tukuna."

Mai Girma kuwa daɗi ya cika shi. Ya ce ga shaida nan ƙarara cewa duk surutun da ake yi a kan nakiya sharrin maƙiya ne. Ya kira mai hoto, ya gyara hula, ya ce a ɗauke shi da wannan gida abin koyi. Don hoton ya yi kyau, sai ya ɗora hannun dama a bangon ya jingina da dukkan albarkar da liyafa ta tara masa.

Lakar ba ta bushe ba.

Ina zaune a ɗakina sai na ga bango ya haifi hannu, da zobbansa da agogonsa, yana motsa yatsu. Tarbiyya ta sa na miƙa nawa muka gaisa.

Mai Girma ya ja, hannu ya ƙi. Zobba sun sarƙe da ƙyallaye, agogo ya maƙale a bakin bulo. Ya sake ja, ƙasa ta zubo masa a hula. Aka kira Magini, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce in aka ƙara ja da ƙarfi bangon zai biyo hannun.

Tela ya matso a hankali. "Ranka ya daɗe, kamar ya shiga."

"Ba awo nake yi ba. Jingina na yi."

"Daga nan ɓangaren har agogo ya iso," na faɗa da ƙarfi. "Yana ma aiki."

Ana cikin haka jiniyar rana tsaka ta fara kuka. Mai Girma ya ɗaga kai ya ga bulon da ke saitin hularsa, wanda Inna ta daɗe tana kwana a ƙarƙashinsa.

"Kada ka damu, ɗan nan," in ji Inna. "Ƙasa ce kaɗan take zubowa. Ka rufe ido kawai, ni ma haka nake yi."

Bai rufe ba. Da hannun hagu, wanda ba ya cikin ƙa'ida, ya zaro waya ya kira kamfani. Mun daɗe ana gaya mana cewa nakiya in an saita ta babu mahalukin da zai iya tsayar da ita. Ranar aka tsayar. Gari ya yi tsit. Kaji suka fito suna kallon juna. Tela ya zame ya shiga shago ya ƙarasa wani wando, wandon ya fito a miƙe sak, daga baya mai shi ya dawo da shi ya ce bai saba ba.

Kafin la'asar unguwa ta cika tsakar gidan. Mai Shayi ya kawo shawara, kuma bai rage murya ba: a bar Mai Girma a inda yake. Ya ce tunda aka kafa garin nan ba a taɓa samun jami'in da ya yi wa jama'a aiki irin na yau ba, kuma yana tsaye wuri ɗaya ya yi shi. Za a riƙa kawo masa abinci gida-gida, a sa masa kujera, ni kuma in riƙa yanke masa farce ta ɓangarena. Mutane suka ce wannan magana ce. Magini, da aka ce ya fara aiki, sai ya shafa aljihu ya ce gudumarsa ta ɓace.

Mai Girma yana jin komai, kuma nakiyar yamma tana matsowa. Ya yi gyaran murya ya sanar, a madadin kwamiti, cewa bayan dogon nazari an tabbatar hannu ya shiga. Tela ya yi godiya, ya ce Allah ya ƙara girma, amma bai motsa ba, gudumar ma ba ta fito ba. Sai da motar kamfani ta kawo makullin sabon gida aka damƙa wa Tela, sannan, cikin ikon Allah, aka ga gudumar a ƙarƙashin rigar Magini.

Aka fara fitar da gadon Inna, sannan aka sauke bangon bulo bayan bulo har hannun ya samu 'yanci. Da za ta hau mota, Inna ta tsaya gaban Mai Girma cike da kunya.

"Ka yi haƙuri, ɗan nan. Da kun ɗan yi jinkiri da ta bushe."

Yanzu haka tana can a sabon gida, gadonta a tsakar ɗaki, ba ya taɓa kowane bango. Tela ya ce har ƙiba ta fara.

Ni kuwa kwamiti ya dawo ya duba nawa ɓangaren. Suka nemi tsaga ba su gani ba, tunda babu bangon da za ta zauna a jikinsa. Suka taya ni murna, suka ce matsalata ta warware gaba ɗaya, suka wuce cin abinci. Mai ɗakina ta rataya tabarma a wurin, wadda akuya ta ɗauka labule ne.

Sauran bangayen uku sun fara nuna zare, hadari kuma yana haɗuwa a gabas. An ce saboda tsaro an sauya ma'auni: daga yanzu sai tsagar da Mai Girma zai iya wucewa ta cikinta gaba ɗayansa, da tumbi da hula. Ban karaya ba. Na aika a gaishe mini da Inna, a kuma tambaye ta ko tana da sauran laka.