Rasuwar Mabruka, Jirgin Bangon Ummu Shahata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, iyalan marigayi Usta Garib na garin Matariyya, bakin tafkin Manzala, suna sanar da dangi da maƙwabta da masuntan da ke bi ta ƙofarsu rasuwar Mabruka, jirgin ruwa mai hayaƙi da aka zana a bangon gidan. Ta cika wata ranar Talata da hantsi, bayan gajeriyar jinya ta shafen farar ƙasa.

Wannan ce mutuwarta ta biyu, 'ya'yana. Ta farko tun da aka yi hanyar mota, aka ɗaure ta cikin ciyayin bakin ruwa, tsatsa ta ci abin da ta ci. Kafin nan ita ke tsallako da mutane daga Bur Sa'id, da kwandunan kifi da agwagi da amare. Tafe take tana fuf, fuf, fuf, kamar tsohuwa a matakala, in ta hango gari ta saki tuuut, sai kowace mace ta ɗora shayi. Ba ta taɓa isowa kan lokaci ba, ba ta kuma taɓa nutsar da kowa ba.

A cikinta aka kawo Nabawiyya, wadda yau ake kira Ummu Shahata. Ango, Usta Garib, shi ne mai zuba wa jirgin gawayi, ya kuma ƙi yarda wani ya taɓa masa wuta ko a ranar aurensa. Amarya ta shiga da farar riga, ta sauka da mai ruwan toka.

Da jirgin ya daina aiki, Usta Garib ya sa aka zana shi a bangon da ke kallon ruwa. Bututun hayaƙin ya karkace, kifayen suka fito kamar silifas. Amma a gindin bututun akwai ɗan mutum mai gashin baki kamar tsintsiya, kuma kowa ya gani ya ce shi ne. Bawan Allahn nan har ya koma ga Ubangijinsa bai tsaya gaban mai hoto ba, wannan kaɗai ce fuskarsa da ta rage. Kowace safiya Ummu Shahata kan fito da kofin shayinta ta gaishe shi, ta ba shi labarin gwiwarta.

Marigayiya ta yi haƙuri da ƙwallon yara da kashin tattabaru. Fasinjojinta sun yi shekaru a tsaye, ba wanda ya ce a sauke shi. Duk baƙon da ya ɓata, da ita ake yi masa kwatance.

Ajali ya zo ta hanyar alheri. Shahata, ɗan Nabawiyya, ya tafi aikin Hajji, kuma wa zai bar alhaji ya dawo ya tarar da bango ba zanen tafiyarsa? Kafin ya tashi ya ce wa Sabir mai zane ya gyara bango, bai ce wanne ba. Uwar ta tafi Dumyat sayo alewar tarba. Ta dawo ta tarar an shafe Mabruka, an zana jirgin sama, da Ka'aba, da raƙumi.

"Sabir, ina mijina?"

"Ummu Shahata, ai Alhaji ta sama ya tafi. In bar masa jirgin ruwa a ce ƙarya yake?"

"Raƙumin fa? A kansa ya je filin jirgin?"

"Raƙumi ado ne."

"Kai ma ado ne a unguwar nan."

Ta ɗauke shayinta ta shige ɗaki, kuma daga ranar ba ta sake fita da shi ba.

Marigayiya ta bar kifi ɗaya a can ƙasa, wanda burushi ya tsallake, da tsohuwa mai shayi ba abokin hira.

Da Shahata ya dawo ya ga aika-aikar, tun kafin ya ajiye jaka ya ce, "Inna, a kankare nawa zanen." Ta ce a kankare da me, fuskar ubansa zai bi da wuƙa?

To, kun san bangon bakin tafki, gishiri ba ya barin farar ƙasa ta zauna. Sanyi na shigowa sai shafen ya fara ɓarewa. Wata safiya bututun hayaƙi ya fito a bayan jirgin sama, a karkace yadda aka san shi. A ƙarƙashinsa kuwa, daidai tagar fasinja, ga gashin baki.

Sabir ya taho a guje da bokitinsa. Ummu Shahata ta tare shi da sanda.

"Taɓa ka gani. Mutumin nan ya mutu da begen Makka, yanzu ya samu kujera."

Ba za a yi jana'iza ba, domin gawa ta ƙi kwanciya. Za a karɓi gaisuwa ranar Alhamis bayan La'asar a gindin bangon, akwai shayi da gasasshen kifi. Ana roƙon kada kowa ya zo da burushi.

Shahata yana amsa sunan Alhaji. An haramta wa Sabir bin layin da bokiti. Ummu Shahata ta koma fita da shayinta, Usta Garib kuma yana hanya.