Rasuwar Madam Tablet ta Ɗakin Gadaje Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Zainabu Usaid, Majo, wato shugabar ma'aikatan jinya a ɗakin yara masu matsanancin ciwo na ƙaramin asibitinmu da ke Nkololoun, nake sanar da 'yan uwa na unguwannin New Bell da Kassalafam rasuwar abokiyar aikinmu, kwamfutar hannu da muka fi sani da Madam Tablet. Ta rasu yau Litinin da misalin ƙarfe tara na safe, tana da shekara uku, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Gadaje shida ne a ɗakinmu, kuma tun da rikicin yankin masu Ingilishi ya koro jama'a daga Bamenda da Kumba, babu wanda ya taɓa yini ba kowa a kansa. Kafin zuwan marigayiya, sai yaro ya warware tun safe amma ya riƙe gado har likita ya zagayo da yamma, wani kuwa yana ƙasa a kan benci yana jira. Ita ta raba mu da wannan. Mukan ba ta zafin jiki, da bugun zuciya, da yawan numfashi, ta haɗa na jiya da na yau. In yaro ya isa komawa babban ɗaki, sai ta yi kore ta ce “tin-tin”, likita ya sa hannu, mu canja zanin gado. In ta yi rawaya, a dakata. In ta yi ja ta ce “ƙiii”, to ko ɗan wane ne yana nan. Ba ta taɓa zuwa aiki a makare ba, ba ta taɓa yi wa uwar yaro tsawa ba, abin da ni ba zan iya rantsewa a kai ba.

Ajalinta ya zo ta hannun masoyi. Akwai wata tsohuwa, Dada, da ta gudo daga Bamenda da jikarta Hawa'u, 'yar shekara biyu, mai ciwon huhu a gado na huɗu. Kwana uku Madam tana nuna wa yarinyar rawaya. Dada tana zaune tana kallon 'ya'yan wasu suna samun tin-tin suna fita. Yau ta zo da ruwan tofi a gora daga wurin malaminta, na ce ba a ba yaran ɗakin nan komai daga waje. Ta ce to. Ina juya baya zan canja wa wani ƙarin ruwa, ta wanke wa Madam fuska da shi tas, har cikin ramin caji.

Na ce, “Dada, me kika yi?”

Ta ce, “Majo, 'yata, idonta ne ba ya gani da kyau. Yarinyar nan ta warke.”

Marigayiya ta ce “tin” sau ɗaya, ta yi duhu. Mun tusa ta cikin kwanon shinkafa, mun kai ta gaban fanka, amma kwana ya ƙare. Na buɗe baki zan wanke tsohuwar, na ga tana goge gilashin da bakin mayafinta, na kasa.

Ƙarfe goma aka shigo da Bakari, ɗan wata takwas, zazzaɓi ya sa shi jijjiga. Gadajenmu ne kaɗai ke da iskar oksijin a bango, kuma duka shida a cike. Wata ma'aikaciyata tana ƙasa tana matsa masa jakar iska da hannu. Likitanmu Jibirin yana ƙetaren gada a Bonaberi, jandarmomi sun tsare motoci suna duba katin kowa. Na kira shi.

Ya ce, “Wa Madam ta ce zai fita?”

Na ce, “Docteur, Madam ta rasu.”

Ya ce, “Bon. To ke, Majo, me idonki ya gani?”

Kunya ta kama ni, tsoro ya bi bayanta. Shekara uku na fi kallon fuskar marigayiya a kan fuskar yaran. Na cire agogo na bi gadaje ɗaya bayan ɗaya ina ƙirga numfashi, sau biyu-biyu, don ban yarda da kaina ba. Biyar ba su isa fita ba. Hawa'u kuwa ta sha kununta, ta fizge robar hancinta tun ɗazu, leɓenta bai canja launi ba. Na karanta wa likita abin da na ƙirga. Ya ce a mayar da ita babban ɗaki, amma kada in bar gefenta. Bakari yanzu yana gado na huɗu. In ciwon Hawa'u ya dawo, babu gadon da za ta koma, kuma maganar ƙarshe da marigayiya ta yi a kanta rawaya ce.

Ta rasu ta bar caja ɗaya da aka ɗaure wuyanta da filasta, da rigarta ta roba mai tsage a gefe, da ma'aikatan jinya biyar waɗanda sai yanzu suke neman inda suka ajiye agogunansu.

Ba za a yi mata wanka ba, an riga an yi. Za a naɗe ta a farin ƙyalle bayan azahar, a kai ta rumfar mai gyaran waya a Kasuwar Dakar ta nan cikin gari, inda za a raba abin da ya rage na jikinta. Dada ta roƙi ta ɗauki gawar da kanta, mun amince. Ni ba zan samu raka ta ba.

Masu ta'aziyya kada su je gidana na Kassalafam. Zaman makokin kwana uku ne, a babban ɗakin yara, kan kujerar da ke gefen Hawa'u. Kada a kawo abinci, kada a kawo ruwa ko wane iri. In kun iso kun tarar idona yana kan ƙirjin yarinyar, leɓena yana motsi, don Allah kada ku gaishe ni. Ƙirga nake yi.