Rasuwar Gwaggo Mai Zuƙe Ƙura

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji mai cike da siminti, Dattijo mai ɗinke bakin buhu, a madadin ma'aikatan ɗakin lodi na masana'antar siminti, yana sanar da rasuwar Gwaggo, na'urar zuƙar ƙura, wadda ta cika ranar Talata da hantsi bayan shekara goma sha ɗaya tana aiki.

Marigayiya ba ta da ƙyashi. Duk ƙurar da ta tashi in bel, wato ɗamarar injin da ke jawo kaya, yana juye siminti a buhu, ita ke shanyewa don 'ya'yan mutane su samu iskar shaƙa. Ba a taɓa jin ta da kowa ba, in ban da "wuuu" da take yi da safe, da "tuf, tuf" in tana kakkaɓe jakunkunan tacewarta.

Ajalinta a hannun masoyi ya zo. Da numfashinta ya fara sarƙewa, makanike ya ce a busa mata iska kawai. Dattijo ya ga wannan ai rowa ce, baiwar Allah shekara goma sha ɗaya ba wanka. Ya jawo tiyo ya wanke jakunkunan tas, har yana yi mata waƙa. Mutumin da ya yi furfura a cikin siminti, ya manta abin da siminti ke yi in ya ga ruwa. Washegari huhunta ya zama dutse. Ta ce "ƙyak" sau ɗaya, shi ke nan.

Ta bar bel biyu, da fanka guda wadda ba ta iya komai ba sai raba wa kowa ƙura daidai, da mutum goma sha huɗu masu tari. Cikinsu har da Dattijo, wanda likita ya gaya wa tun bara cewa ƙirjinsa ba zai ƙara jure wata guda a cikin ƙura ba. Manaja kuwa ya ce sabuwa sai nan da wata uku. Dattijo bai iya wata sana'a ba, ga 'ya'ya biyar a gabansa, kuma tsoro yake ji ƙwarai.

Za a sauke gawar ranar Asabar a bayan sito, kusa da tsofaffin tayoyi. Ba za a yi mata wanka ba, an riga an yi. Masu zuwa ta'aziyya su taho da takunkumin rufe hanci. Wanda yake da biyu, don Allah ya miƙa wa Dattijo ɗaya. Zai same shi a bakin keken ɗinkinsa, bai tashi ba.