Wakilin Zaman Kanada

Akwai wani mutumin garinmu, Tanimu, da ya yi shekara shida yana fafutukar neman katin zama na dindindin a Kanada. Ba takardar da bai cike ba, ba malamin da bai sa addu'a ba, har Allah ya yi aka ba shi. Katin nan sharaɗinsa ɗaya ne, kuma an karanta masa da Turanci an maimaita masa da Hausa: a cikin kowace shekara biyar, sai mutum ya zauna a ƙasar kwana ɗari bakwai da talatin, wato shekara biyu. In bai cika ba, suna iya karɓe abinsu. Tanimu ya ce wannan ai ba wani abu ba ne, shi da zama ya kawo shi.

Wata goma sha ɗaya ya yi yana ɗaukar kwali a wani sito a Winnipeg, inda sanyi ke shiga har ɓargo, kuma ko maƙwabcinka bai san sunanka ba. Sai bikin ƙanwarsa ya taso, ya ce bari ya leƙa gida mako uku ya dawo. Ɗakinsa ya bar wa Zubairu, wani ɗan garinmu direban tasi da suke haya tare.

To, ga mutumin da can ba mai ce masa ko sannu, ya sauka gida ya tarar sunansa ya koma Alhaji Na Kanada. A masallaci sahun farko, a wurin ɗaurin aure kan kujera, a majalisa in ya buɗe baki kowa ya yi tsit, ko da zancen taki ake yi. Da mako ukun suka cika ya je yi wa mahaifiyarsa sallama, Inna ta ce ya bari a yi Sallah. Aka yi Sallah, ta ce ya jira amarya ta haihu a yi suna. Aka yi suna, damina ta faɗi, kuma wa zai bar gonar gado ba a yi shuka ba? Shi dai Tanimu kullum cewa yake Inna ce ta riƙe shi. Mu da muka san shi mun san Inna sau biyu kacal ta yi magana, sauran duk shi ya riƙe kansa.

A cikin shekara ta biyu hankalinsa ya ɗan tashi, ya kawo zancen sharaɗin nan a majalisa. Nan Baba Ɗahiru, wani tsohon magatakardan kotu da bai taɓa cewa bai san abu ba, ya yi masa dariya. Ya ce ina abin damuwa? Wane abu ne a duniya ba a yi da wakili? Ana sulhu da wakili, ana rabon gado da wakili, hakimi ma in aka gayyace shi wakili yake turawa, kuma a rubuta cewa ya zo. Tunda akwai ɗan gari zaune a ɗakinsa, ai magana ta ƙare.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka kira Zubairu a waya a gaban shaidu biyu. Tanimu ya ce ya wakilta shi zaman Kanada, Zubairu ya ce ya karɓa, wai shi a zatonsa wasa ake yi. Baba Ɗahiru ya rubuta takarda da kyakkyawan hannunsa, shaidu suka dangwala, mai unguwa ya buga hatimi, aka raba goro aka shafa fatiha. Daga ranar Tanimu bai ƙara rasa barci a kan Kanada ba. In an tambaye shi yaushe zai koma, sai ya ce ai yana can.

Sai da ya rage saura wata ɗaya wa'adin katin na shekara biyar ya ƙare, sannan ya tuna shekara shidan da ya sha kafin ya same shi. Ya ɗinka sababbin kaya, ya cika jaka, ya hau jirgi gabansa gaɗi.

Da hantsi suka sauka Toronto. Jami'in shige da fice ya duba katin, ya duba fasfo, ya duba Tanimu, ya nuna masa wani ɗan ɗaki a gefe. Turancin Tanimu dama na sito ne, shekara huɗu a gida kuma ta cinye rabinsa, don haka aka kirawo tafinta. Wata dattijuwa ce, Hajiya Kande, Bazazzagiya, ta kai shekara talatin a ƙasar. Tanimu na ganinta ya ji sanyi a ransa, ya gaishe ta har ƙasa, ya tambayi iyali da jikoki. Ta amsa a taƙaice, ta ce masa aikinta a nan ta faɗi abin da ya faɗa ne kawai, ba ragi ba ƙari, saboda haka ya auna kafin ya furta.

Jami'in, mutum mai fara'a wanda ba ya gaggawa, ya ce a lissafinsu kwana ɗari uku da talatin da huɗu ya zauna, ko rabi bai kai ba. Ko akwai wani babban dalili da ya hana shi dawowa? Tanimu ya ce Inna ce ta riƙe shi, ya zuge jaka ya fara fito da hujjoji. Kalandar bikin ƙanwarsa, katin sunan ɗanta, ɗan littafin da aka raba a bikin ɗan mai unguwa da hoton ango da amarya a bango, har da takardar yabo daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Jami'in ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya ce amaren sun yi kyau, ya tura masa kayansa.

Sai ya yi tambayar da duk mai hankali ya san ƙofa ce aka buɗe masa. Ya ce ya ji an ambaci mahaifiya. Ko ba ta da lafiya ne, ba mai jinyarta sai shi? Hajiya Kande ta fassara a hankali, tana kallon Tanimu cikin ido. Shi kuwa ransa ya ɓaci.

“Allah ya kiyaye, Hajiya. Ki gaya masa kada ya yi wa Inna baki. Garau take, har yanzu ita ke zuwa kasuwa da ƙafarta.”

Hajiya ta sauke numfashi, ta fassara ba ragi ba ƙari. Jami'in ya ce madalla, ya ci gaba da rubutu. Sannan ya bayyana masa cewa zai rubuta rahoto a kansa, yana da damar ɗaukaka ƙara, amma in bai yi nasara ba katin ya tafi ke nan.

Nan ne Tanimu ya yi murmushin wanda ya ɓoye babbar hujja sai ƙarshe. Ya zaro takardar Baba Ɗahiru daga aljihun gaba, ya warware ledar da ya naɗe ta, ya shimfiɗa a tebur. Ya ce a ƙara kwanakin Zubairu a kan nasa, domin shekara uku cur bawan Allahn nan bai taka ko'ina ba, yana nan zaune da sunansa, ga shaidu ga hatimi. In ma an lissafa da kyau, su ne za su ba shi canjin kwanaki.

Hajiya Kande ta karanta takardar sau biyu. Ta fassara wa jami'in, jami'in ya roƙe ta ta sake, ta sake. Ya ajiye biro, ya ce cikin ladabi dokarsu ba ta san wani ya zauna wa wani ba.

Abin ya yi wa Tanimu ciwo, don ya ga katinsa na shirin suɓucewa a kan abin da ko yaro ya sani a garinmu. Ya gyara hula, ya juya wajen Hajiya.

“Hajiya, ki fahimtar da shi. Zaman ƙasa ya fi aure girma ne? Ni ranar da aka ɗaura nawa ina Legas, kawuna ya karɓa mini, kuma ba wanda ya ce auren bai ɗauru ba.”

Hajiya Kande ta cire tabarau, ta ninke takardar ta miƙa masa.

“Wannan ba sai na wahalar da Bature ba, Malam Tanimu. Da aka kawo amaryar, kawun naka ne ya zauna maka da ita?”