Mushe Fadilu da Jikan Kyarkeci

Duk faɗin Gure babu wanda ya san kare kamar Mushe Fadilu (Mushe dai shi ne "Malam" na masu Faransanci). Wasu sun san karnuka ta hanyar kiwo, wasu ta hanyar cizo. Shi kuwa ya san su tun daga tushe, ba tare da ya taɓa shafa ko ɗaya ba. Shekara talatin ya yi a ofishin kula da dabbobi yana buga hatimi, kuma ba a taɓa jin takarda ta tsere masa ba. A shekararsa ta ƙarshe aka tura shi Yamai taron kwana uku, saboda wanda aka gayyata ba shi da lafiya. Ya dawo da jakar ratayawa, da tabarau, da ilimin da har yau garin bai gama ɗauka ba.

Ba shi da rowar sani, wannan kam a yaba masa. Ko gaisuwa ka tsaya yi sai ka samu rabonka.

"Kare, asalinsa kyarkeci ne," haka yake farawa, yatsa a sama. "Shekara dubu goma sha biyar da suka wuce ya matso kusa da wutar ɗan Adam. Daga baya Turawa suka zauna suka tace shi, iri ya fi ɗari uku. Na kiwo daban, na farauta daban, na zaman kujera daban."

Idan masu sauraro sun kai biyar, shekarun kan zama dubu talatin. Ranar kasuwa sukan kai dubu hamsin. Mutanen gari, da yake masu girmama ilimi ne, suka sa masa suna Kakan Karnuka. Ya ji, ya kuma amince cewa ya cancanta.

Wadda ta fi kowa cin moriyar wannan ilimi ita ce matarsa Salima, don ita take jin darasin safe da na yamma. Salima ba ta da yawan magana. Tana da lambu a kwari bayan gari, tsakanin tuddan rairayi, inda take shuka albasa da rogo a ƙarƙashin dabinai. Tana kuma da awaki bakwai da ke kiwo a gefen lambun. A cikinsu akwai wata tsohuwar jar akuya, jikar jikar wadda mahaifiyarta ta bar mata. Akuyar ta tsufa, haƙora sun zube, amma a wannan rani ta daure ta haifi tagwaye, mace da namiji. Salima ta san haihuwar ƙarshe ke nan. Idan macen ta rayu, zuri'ar akuyar Inna ta rayu.

Abin da ke tsakanin tagwayen nan da dilolin tudu wata karya ce ramammiya mai launin ƙasa, wadda ba ta da suna. Baffa Hammajoda, dattijon makiyayi da ke shayar da shanunsa kusa da lambun, shi ya ba Salima ita tun idonta bai gama buɗewa ba. Ya ce a sa ta cikin awaki ta sha nononsu, ta kwana a jikinsu. Haka aka yi. Karyar ta girma tana ɗaukar kanta akuya mai baƙin hali, kuma shekara huɗu dila bai ɗanɗana komai na Salima ba.

Wata rana Mushe Fadilu ya sauko kwarin da takalmi sau-ciki. Ya zagaya karyar sau biyu, hannu a baya.

"Madam, wannan ba ta cikin kowane rukuni," ya ce. "Na duba kunnen, na duba wutsiyar. Wa ya haife ta? Wa ya haifi wanda ya haife ta? Babu amsa. A gidan mutum kamar ni!"

Salima ta ce, "Tana korar dila, Malam."

"Da ka take korar sa. Ba da ilimi ba."

Bayan mako guda wasu makiyaya suka bi ta wurin za su Gamu, ya yi musu kyautar karyar. Salima ta dawo daga gidan suna ta tarar da awaki su kaɗai. Ta zauna bakin rijiya ta daɗe tana kallon hanyar Gamu, sannan ta tashi ta ja ruwa.

Magajin karyar ya iso daga Damagaram a gaban mota, kusa da direba, Mushe Fadilu kuwa a baya tare da buhunan siminti. Wani Bature ne da ya gama aiki zai koma gida ya bar shi. Ƙaton kare ne, baƙi da ruwan ƙasa, gashi kamar an lulluɓe shi don sanyi. Sunansa Baron, amma kafin la'asar unguwa ta mai da shi Bargo. Ya zo da littafi mai hoto, inda aka jera sunan uwarsa da ubansa da kakanninsa huɗu, abin da Mushe Fadilu kansa ba zai iya kawowa a kan nasa gidan ba.

"Makiyayin Jamus ke nan," ya gaya wa waɗanda suka taru. "Kiwo a jininsa yake. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Barbarci, kada wanda ya wahalar da kansa."

Washegari aka kai Baron bakin aiki. Watan Afrilu ne. Ya taka rairayi taku goma, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar, ya dubi ubangidansa. Daga nan ya ratsa ta cikin ciyawa, karangiya ta karɓe shi hannu biyu. Karnukan Gure gashinsu gajere ne, karangiya ba ta samun wurin zama. A jikin Baron kuwa ta samu gari guda. Kafin su kai lambu ya zama dunƙulen ƙaya mai numfashi. Da ya hango kwamin da Salima ke tara ruwan ban albasa, sai ya shige ciki ya kwanta, harshe a waje.

"Yana nazarin wurin," in ji Mushe Fadilu.

Kwana tara Baron yana nazari. Kullum Mushe Fadilu na tsugune a gefensa yana cire karangiya ɗaya bayan ɗaya, yana yi masa magana da Faransanci cikin ladabi. Mutumin da bai taɓa ɗauko wa kansa buta ba, ga shi yana yi wa kare fifita da littafin kakanninsa. Albasa kuma ta koma shan ruwan wankan kare.

A rana ta goma, da hantsi, dila ya gangaro daga tudu ba tare da gaggawa ba. Ya ɗauki namijin tagwayen, ya bi ta gaban kwamin ya wuce. Baron ya buɗe ido ɗaya. Salima ta jefar da guga ta bi shi da gudu har ƙafarta ta nutse a rairayi, ta dawo da igiyar wuya kawai. Tsohuwar akuya ta yini tana kuka, ƴar macen na maƙale da ita.

Baffa Hammajoda ya leƙo ta kan shinge ya yi mata jaje. Sannan ya dubi abin da ke cikin kwamin.

"Ɗiyata, wannan da nonon me aka rene shi?"

Mushe Fadilu ne ya amsa. "Da abincin gwangwani, Baffa. Na kimiyya."

"To. Kada dai a bar shi da ƙanana."

Mushe Fadilu ya yi murmushin da masana ke yi wa waɗanda ba su je Yamai ba. Ai ya riga ya gano matsalar. Tuwo ne. Tuwon geron da ake ba shi a gidan ya kwantar da jinin kyarkeci, sai an tashe shi. Ya shiga sayo ɗanyen nama daga mahauta yana ba Baron, kwana biyar a jere, gidan kuwa ana miyar kuka ba ko ƙashi. A rana ta shida ya gayyato Manzo mai shayi da wasu abokan hira uku su zo su ga abin da tarihi zai yi.

Suka jeru a inuwar dabino bayan la'asar. Mushe Fadilu ya gyara tabarau, ya yi bayani tun daga shekara dubu talatin. Sannan ya kwance igiya, ya nuna tudun da dila ke fitowa, ya ba da umarni da Faransanci.

Baron ya miƙe. Karon farko tun zuwansa ya ɗaga kunnuwa, ya sunkuyar da kai, ya tafi a hankali kamar ba shi ba. Manzo ya ajiye kofinsa. Kare ya wuce hanyar tudu bai ko kalle ta ba, ya yi tsalle ɗaya ya cafki ƴar akuyar a cinya.

Salima na riƙe da hauya. Ba ta yi ihu ba. Ta sauke masa ƙotar a tsakiyar baya, ta ƙara, ta kuma ƙarawa, da Hausa zalla, kuma ya fahimta. Ya saki, ya ruga kwaminsa. Ta ɗauki ƴar akuyar tana jini, ta yage gefen zanenta ta ɗaure cinyar.

Mushe Fadilu ya juyo ga baƙinsa, fuska cike da haske.

"Kun gani? Kun ga yadda ya sunkuya? Kyarkeci sak! Wannan ba ya ƙarya, jama'a. Asali ke nan."

Manzo ya ce lalle sun gani, kuma ya tuna ya bar ruwa a wuta.

Da suka watse, Salima ta yi maganar da ta fi kowace tsawo a zaman aurensu.

"Malam, karenka ya koma gida, kada in sake ganin sa a kwarin nan. Awaki kuma suna son mai tsaro daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ni ina ban ruwa. In babu, gobe in kora su Gidigir wurin yayana, in zauna tare da su. Duk wanda ya tambaye ni dalili, zan faɗa masa."

Mushe Fadilu ya yi tunanin Gidigir, da yawan bakin mutanenta, da tukunyar gidansa. Washegari ya sanar a teburin Manzo cewa zai fara wani muhimmin bincike a kan ɗabi'un dila, wanda ke buƙatar zama a fili kowace rana.

Yanzu Baron na kwance a ɗakin maigida, gaban fanka. Maigidan kuwa yana kan tudu da sanda da malafa, karangiya har gwiwa. Ƴar akuyar ta warke, tana ɗingishi kaɗan, tana kiwo a gindinsa. Idan wani abu ya motsa a ciyawa, ana jin muryarsa har bakin hanya: "Kai! Kai! Tafi can!" Da Hausa.

Ran nan Baffa Hammajoda ya tsaya a shinge ya ce karyarsa ta haihu, ƴaƴa biyar, in Salima na so ya kawo mata ɗaya.

Salima ta ɗaga kai ta dubi tudun. Ta yi ɗan lissafi.

"A bari tukuna, Baffa," ta ce. "Ya fara iyawa. Jiya ma ya kori ɗaya."